Kawuna Ɗan Bencin Baya da Dokar Sakin Gawa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu. Ina rubuta wannan ne bayan an share makoki, masu kanofi sun kwashe rumfarsu da bencinansu daga ƙofar gidanmu a Mamobi, cikin Accra. Ko arba'in ba a yi ba na fara jin yara suna cewa "tsohon nan mai jakar takardu", kamar ba shi da wani tarihi a duniya sai jakar. Ni 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na girma, kuma wallahi ba zan zuba ido a manta da shi haka ba.

Ranar Juma'a ya faɗi, da hantsi, a mahaɗar Kawukudi, yana jiran trotro, motar haya. Wani direban tasi ya yi halin kirki ya ɗauke shi zuwa asibiti, amma kafin su isa rai ya yi halinsa. Kafin a sauko daga masallaci labari ya game Nima da Mamobi har Alajo. Samari suka ɗauki diga da shebur suka nufi maƙabarta ba tare da an aike su ba. Aka ɗauko makara aka jingina ta da bangon zaure, mutane suka yi alwala suka cika lungu, ana jiran a fito da shi bayan la'asar yadda aka saba. Sai ga Yaya, babban ɗansa, ya dawo daga asibiti shi kaɗai. Ya tsaya a tsakiyar mutane ya cire hula, ya ce ba su ba shi ba. Tunda a hanya ya mutu, magana ta koma hannun 'yan sanda, an sa shi a mocari, ɗakin ajiye gawa, kuma likitan da ke duba irin wannan gawa ya tashi aiki sai Litinin.

Wata tsohuwa mai koko, 'yar Dagomba, wadda Kawu ya binne mijinta da 'ya'yanta biyu, ita ta fara magana da irin Hausarmu ta zango: "Ei! Alhaji ne a firij? Alhaji? Ku ce ƙarya ne." Sarkin fawa ya rantse da Allah zai tara yaransa su je su ɓalle ƙofar mocarin, da ƙyar aka zaunar da shi. Wani saurayi kuma ya tambayi na kusa da shi, wai da gaske tsohon ya taɓa zama Onorebul? Ta taga na ji shi. Allah ya so shi akwai bango tsakaninmu.

Da yamma sai ga Ticha yana dogara sanda, ya yafa baƙin zane a kafaɗa irin na makokinsu. Ticha Kirista ne, ɗan ƙabilar Ga, tsohon malamin makaranta, kuma shi da Kawu benci ɗaya suka zauna a majalisa. Mutanensu sukan bar mamaci a firij wata da watanni har dangi su taru, a buga hoto, a ɗauko 'yan badujala, a wurinsu wannan shi ne girmamawa. Amma shi ya san namu ba haka yake ba. Ya wuce maza duka ya shiga har tsakar gida, ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo a gaban Iya, matar Kawu. Ya yi mata ta'aziyya irin ta mutanen gari, ya ce, "Hajiya, due, due. Wannan abu shi ne Alhaji ya ji tsoro, ni na sani. Gobe ni da yaronka za mu je. Ba za su taɓa shi da wuƙa ba." Iya ta ce, "Allah ya sa, Ticha."

Abu biyu muke roƙo ke nan tun daga wannan yammaci: a sake shi, kuma kada a yanka shi. Duk wanda ya san Kawu ya san na biyun ya fi nauyi.

Mafarin abin uwata ce. Ƙanwarsa ce ciki ɗaya, tana sayar da tumatir da albasa a kasuwar Malam Atta. A farkon shekarun saba'in, ina 'yan mata, ta yanke jiki ta faɗi a kan tebirinta, aka kai ta asibiti ta cika a can. Lokacin Kawu ɗan kasuwar goro ne kawai, mai rumfa a Nima, Turancinsa bai wuce na ciniki ba. Kullum sai ya je ƙofar mocari ya cire hula ya gaida ma'aikacin da bai kai ɗansa ba, a ce masa ya dawo gobe. Sati ya zagayo, wani ya kama. Da aka kawo ta, matan da suka yi mata wanka suka fito ba wadda ta iya kallon idona, ɗaya daga cikinsu ta zagaya bayan ɗaki tana amai. Ba wanda ya gaya mini abin da suka gani, ban kuma buƙaci a gaya mini ba. Bayan an dawo daga maƙabarta Kawu ya kira ni zaure. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya ce, "Uwata, in Allah ya ba ni rai, ita ce ta ƙarshe da za a yi wa haka a zango." Na riƙe maganar nan fiye da yadda shi ma ya zata.

Tun kafin nan mutumin jana'iza ne, amma daga nan abin ya zama kamar ciwo. Bandir ɗin alawayyo ba ya yankewa a rumfarsa, a bayan kwandunan goro, da allura da zare da turare, don baƙon da ya mutu ba shi da kowa. Zango kuwa gidan baƙi ne. Zabarmawa masu dako, Mosawa masu gadi, 'yan arewa da suka zo neman kuɗin kaka suka maƙale, kowa da inda ya baro danginsa. In ɗayansu ya mutu, ƙafar farko wurin Kawu ake zuwa. Zai bar mai sayen goro da hannu a kwando ya tashi. In ka yi masa magana ya ce, "Mai rai ya iya jira." Wannan ita ce maganarsa, ya faɗe ta ga 'yan kasuwa, ya faɗe ta ga Iya da tuwonta yana hucewa, ya faɗe ta ga sarkin zango da kansa.

Ni ma ya faɗa mini ita ranar ɗaurin aurena. Shi ne waliyyina fa! Dangin ango sun zo tun safe daga Alajo, an shimfiɗa tabarmi, an jera goro da alawa, sai aka nemi Kawu aka rasa. Wai wani mai gadi ya mutu a Kotobabi. Mutane suka zauna har rana ta take, goron da aka yayyafa wa ruwa ya bushe, wan ango ya fara tambaya ko dai mun fasa ne. Sai ga shi ya shigo da jar ƙasa a gefen wando, ya yi sallama kamar ba abin da ya faru, ya zauna ya ce a fara. Ina ɗaki ina kukan haushi, ƙawayena suna cewa kukan rabuwa da gida ne. Ba waliyyi ba ne irin na littafi, Kawu. Yana da taurin kai, yana da faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, takalmi ɗaya zai sa sai ya ga ƙasa ta cikinsa, kuma bai taɓa ba wa mace haƙuri da baki ba, sai dai ya aiko da tsire.

A ƙarshen shekarun saba'in, da sojoji suka ce za su mayar da mulki, mutanen garin da aka haife shi a arewacin ƙasar, inda kakanmu ya yada zango a kan hanyar goro, suka aiko dattawa wai ya tsaya musu. Iya ta ce ina shi ina siyasa. Ya ce ba siyasa za shi ba, saƙo zai kai ya dawo. Ya tsaya, ya ci, aka wayi gari mai rumfar goro ya zama Onorebul.

Majalisa kuwa kamar aji take. Manyan jam'iyya da lauyoyi masu Turancin hanci a gaba, sauran a baya. Kawu a benci na ƙarshe aka ajiye shi, jikin bango, kusa da Ticha. Aikin ɗan bencin baya sananne ne: in manya sun yi magana ya buga tebur, in an zo ƙuri'a ya ɗaga murya inda aka nuna masa. Dokoki daga gwamnati suke zuwa a shirye. Amma Ticha, da yake mai karance-karance ne, ya nuna masa cewa ƙa'ida ta yarda ɗan majalisa ya kawo dokar kansa. Sai dai ya fara neman izinin zauren, ya sami wanda zai mara masa baya, a sa sunansa a jerin ayyukan ranar, kuma in aka kira shi ya miƙe da kansa ya gabatar. Ba wanda ya tuna ranar da wani ɗan baya ya yi haka ya kai labari. Kawu ya ce to, shi zai fara.

Abin da yake so bai fi a faɗe shi da numfashi ɗaya ba. In mutum ya mutu, likita ya duba bai ga alamar kisa ba, a ba danginsa shi a ranar, ko Asabar ce ko Lahadi, kuma kada a sa masa wuƙa sai 'yan sanda sun nuna wa alƙali dalili. Ticha ya juya shi zuwa Turancin doka, ni kuma na buga, don Kawu ya sa ni makarantar koyon tafireta duk da surutun 'yan unguwa. A zaure muke aikin, keken bugu a kan akwatin goro. Muka kai, akawun majalisa ya dawo da shi: wai sashen da ya ce a ajiye likita ranar hutu ya taɓa aljihun gwamnati, ɗan baya kuwa ba shi da ikon kawo abin da zai ci kuɗin gwamnati. Muka cire, na sāke bugawa. Aka dawo da shi saboda wata kalma. Na sāke. Sai mai tsawatarwa na jam'iyyarsu ya kira Kawu ofis ya ba shi shayi, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri ka jira. Za a ce mun kawo dokar addini." Ticha ya ce to a goge kalmar Musulmi gaba ɗaya, a sa duk wanda danginsa suka nema. Na sāke bugawa har yatsuna suka yi kanta. Ban taɓa gajiya ba, don duk layin da na buga uwata nake gani.

Jawabin da zai yi kuwa, kwandunan goro ne suka fara jin sa. Bayan la'asar zai tsaya a gabansu da takarda, ya gyara riga, ya ce "Mista Sifika" da ƙarfi, sai ya tuntuɓe a kalma ta uku. Iya tana leƙe daga madafa tana dariya har da hawaye, tana cewa, "Alhaji, goron ma bai gane ba." Ya ce mata goro ya fi wasu 'yan majalisar fahimta. A hankali ya haddace shi tsaf kamar karatun allo. Akwai wurin da yake ambaton ƙanwarsa, kullum in ya zo nan sai ya tsaya ya yi tari.

Shekara ta biyu tana ƙarewa aka sa sunansa a jeri. Zango ya ɗauka. Matan kasuwa suka yi hayar trotro, muka ci ado muka tafi tun da safe don mu sami wuri a benen 'yan kallo. Na bar Kawu a gida yana naɗa rawani a kan farar babbar riga, ya ce mu yi gaba yana tafe.

Abin da ya faru a bayanmu daga baya na ji shi. Yana fitowa ƙofar gida sai ga 'yan dako daga Malam Atta a guje. Wani ɗan'uwansu, Bazabarme, ya kwana a ƙarƙashin tebur bai tashi ba. Ya daɗe yana tari, kowa ya sani. Ba shi da kowa a Accra, kuma in 'yan sanda suka riga su, sai firij, sai wuƙa, sai ramin gwamnati inda ake zuba waɗanda ba a nema ba. Kawu ya duba takardar jerin ayyuka, ya ga sunansa can ƙasa, bayan wani dogon aikin gwamnati da ake sa ran zai kai azahar. Ya yi lissafinsa irin na mutanen zango: wanka, sallah, rufewa, kafin rana ta take an gama. Ya juya motarsa. Da rigar Onorebul ya je ya taso likitan da ya taɓa duba mutumin ya sa hannu, da ita ya tsaya a gaban ɗan sandan da ya iso, da ita ya shiga rami.

A majalisa kuwa aikin gwamnatin nan bai yi ko rabin sa'a ba, aka ce wanda zai gabatar bai shirya ba, aka ɗage. Jeri ya zube da sauri. Ina zaune a sama ina kallon wurin Kawu babu kowa. Sai na ji Kakaki ya kira shi. Shiru. Ya sāke kira. Ticha ya miƙe, ya roƙi a jinkirta kaɗan, ya ce abokinsa yana hanya, uzuri ne ya tsare shi. Wani daga gaba ya tambaya wane uzuri. Ticha, da yake ba ya ƙarya, ya ce yana jin jana'iza ce. Zauren ya fashe da dariya, har da buga tebur, har da 'yan jam'iyyarsu. Kakaki ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, mai ƙuduri ba ya nan, ƙuduri ya faɗi, sai a sāke nema. Aka wuce zuwa maganar kuɗin kwastan. Matan da muka zo tare ba su jin Turanci, suna ta taɓa ni suna tambaya, "An yi? An yi?"

A kan matakala muka haɗu da shi yana haurowa da gudu, tsoho da shi, rawani ya karkace, gefen riga duk jar ƙasa. Ya dubi fuskata ya gane. Ban bari mun isa gida ba, a nan gaban 'yan sanda da direbobi na buɗe masa wuta, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Na ce, "Kawu, ka sayar da uwata saboda ɗan dakon da ko sunansa ba ka sani ba!" Ya ce, "Na san sunansa, Uwata. Sai da na tambaya kafin in yi masa sallah." Na ce a zango kaf babu mai wankan gawa sai shi? Liman ya mutu ne? Ya ce Liman ba shi da rigar da ɗan sanda zai ji tsoro. Na ce mutum ɗaya ka ceta ka zubar da dubu. Ya ce a hankali, "Doka takarda ce, za ta jira. Shi ba zai jira ba."

Ba ta jira ba. Aka sāke nema, aka ce sai bayan hutun ƙarshen shekara. Ana jajibirin sabuwar shekara muka ji harbi, rediyo ya kama kiɗan soja, aka ce an rushe majalisa. Aka umarci tsofaffin 'yan majalisa su kai kansu ofishin 'yan sanda. Kawu ya ɗauki buta da tasbaha ya tafi da ƙafarsa. Da suka sako shi sun aske masa kai da gemu ƙwal, ya rame, ya shigo gida ya zauna a zaure. Na daɗe ba na gaishe shi sai da ido. Shi ya aiko mini da tsire, na ci, muka ci gaba da zama. Amma in faɗi gaskiya, har yau ban janye maganata ba. Ya yi kuskure ranar nan. Na faɗa masa yana da rai, ina kuma faɗa yanzu da yake kwance, ina son sa ina faɗa.

Sai shekarar yunwa ta zo, ga fari, ga 'yan'uwanmu da aka koro daga Najeriya sun cika gari, ƙashin wuyan mutane ya fito kowa yana gani. Kasuwar goro ta mutu. Kawu ya sayar da mota, ya sayar da rigunan majalisa ɗaya bayan ɗaya, alawayyo dai bai yanke a rumfa ba. Akwai ranar da na kai masa ɗan abinci na tarar ya zuba wa masu haƙan kabari, wai su ne ke aikin ƙarfi. Na ce Kawu, kai fa? Ya ce ya ci goro. Na zauna a kan buhu na yi kuka, ya ce in tashi in ba shi wuri, ina jiƙa masa kaya.

Da farar hula suka dawo a shekarun casa'in aka buɗe sabuwar majalisa, sai tsohon ciwo ya tashi. Ya sa na sāke buga masa dokar, ya sayi jakar leda mai zif, ya shiga bin sababbin 'yan bencin baya, yara sa'o'in 'ya'yansa. Yau ofishin wannan, gobe gidan wancan. Suna karɓarsa da ladabi, "Baba, sannu da zuwa, Baba, zauna," a ba shi lemo, a karɓi takarda, a ce insha Allahu. Wani ya ce sabuwar ƙa'ida ta fi tsohuwa tsauri a kan ɗan baya. Wani ya ce sai ya ji daga manya. Wani ya sa sakatariyarsa ta riƙa cewa ba ya nan, alhali ga motarsa a ƙofa. Na ce Kawu ka haƙura haka, ƙafarka ba ta ɗauka. Ya ce, "Alkawari na yi, Uwata, kuma ke kika fi kowa sanin wa na yi wa." Ranar da ya faɗi a Kawukudi, wurin ɗayansu za shi.

Asabar da Lahadi Ticha da Yaya suka yi ta zarya. Ɗan sanda ya tura su wurin babbansa, babban ya ce hannunsa a ɗaure yake sai takardar likita. Suka je gidan ɗan majalisar da Kawu yake kan hanyar zuwa wurinsa, aka ce ya tafi mazaɓa. A gida kuwa mutane ba su watse ba, kuma ba su san me za su yi ba, don zango bai iya zaman makoki da gawa a waje ba. Ba a yi sallah ba balle a yi addu'a, ba a ce Allah ya jiƙansa da cikakken baki, ana dai zaune ana kallon ƙofa. Ruwan sama ya sauka ya rusa kabarin da samari suka haƙa, suka koma suka gyara.

Litinin na ce sai na bi su. Muka sami likitan, saurayi ne mai hankali, ba zan yi masa ƙazafi ba, har kujera ya ba Ticha. Ticha ya yi Turanci, ya yi Turanci, ya faɗi ko wane ne ke kwance a ciki, ya faɗi shekarunsa, ya ce tsufa ne kawai, ya roƙa har muryarsa ta dushe. Likitan ya saurara har ƙarshe. Ya ce mutumin ba shi da kati a kowane asibiti, bai taɓa zuwa wurin likita ba, ya faɗi a titi, dole a san abin da ya kashe shi kafin a sa hannu. Sa'an nan ya ce, "Baba, ni ba ni na rubuta dokar ba. In kuna so a canza ta, majalisa za ku je." Ticha ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa ya fita, muka same shi a gindin bishiya ya rufe fuska da baƙin zanensa.

Ya Allah, kai ka san adadin waɗanda bawan nan naka ya wanke ya suturta, mu ba mu sani ba. Ka suturta shi yadda ya suturta su, ka yafe masa taurin kansa, ka haɗa shi da ƙanwarsa a inda ba a jira.

Sai tsakiyar sati suka ba mu shi. Aka shigar da shi ɗakin zaure, Liman da Yaya suka shiga yi masa wanka, suka daɗe fiye da yadda ake daɗewa. Yaya ya leƙo ya ce a ƙaro auduga, bai dubi kowa ba. Da suka gama aka ce iyali su zo su yi sallama. Na riƙe hannun Iya muka shiga, don idonta ya yi rauni. Ta durƙusa a gefensa ta yi masa addu'a, ta ce ta yafe masa, shi ma ya yafe mata. Sai ta ɗora tafin hannunta a ƙirjinsa ta kan likkafani. Na ga yatsunta sun tsaya. Suka bi abin a hankali, daga ƙasan wuya har ciki, irin ɗinkin bakin buhu. Na jira ta yi ihu, na shirya riƙe ta. Ba ta yi ba. Ta janye hannun ta dube shi, ta sāke mayarwa a kan kafaɗarsa.

Maza suna ƙofa da makara, Liman yana gyaran murya don rana tana yi. Iya ta juyo wurina ta ce, "Je ki ɗauko bargona a kan gado." Na ce, "Iya, ɗaukarsa za a yi yanzu." Ta ce, "Na sani. Ki taɓa shi ki ji. Su ɗan jira ya yi ɗumi tukuna."